Ƙwallayen Madfa Nasa Ne

A Hindawiyya aka haife ni, cikin Makka, a gidan da kakana ya gina bayan ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Kano bai koma ba. Ubana tsire yake gasawa a bakin titi, wanda Larabawa ke kira siriya suna layi a kansa. Makaranta ban yi nisa ba. Larabci ina karantawa da ƙyar, ina bin harafi da yatsa. Rubutun Turawa kuwa a wurina zane ne kawai. Ku riƙe wannan, samari, domin a nan ƙafata ta zame.

Sana'ata ta farko tura keken alhazai ce tsakanin Safa da Marwa. Tsohuwa ta zauna, in tura, tana addu'a tana saka ni a ciki. Kafaɗa na ciwo, tafin ƙafa na zafi, amma in na kwanta barci nake kamar jariri. Ban san ina cikin arziki ba. Gani nake kowa ya wuce ni.

Da na gaji da turi, wani ya sama mini aiki a unguwar Kudai, a gidan ɗaga ƙarfe, nadi muke ce masa. Shara nake, ina miƙa tawul, ina tsare ɗan shagon gaba inda ake sayar da garin ƙarin ƙarfi a manyan robobi. A nan na fara. In ɗebi garin in cike gurbin da madarar gari. Na jira wani ya gane, ba wanda ya gane. Ɗaya ma dawowa ya yi yana cewa wannan ya fi na da daɗi, in ajiye masa irinsa. Tun ranar na daina ganin mutane a matsayin mutane. Kowa ya shigo, aljihunsa nake kallo.

Wancan zamanin kowa kumbura yake. Yaro zai shigo kamar sillen kara, kafin hajji ya zagayo wuyansa ya fi cinyata. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa, ba kuma mai gwada kowa. Akwai wani mutum da ke kawo allurar, Abu Shanta muke kiransa saboda jakar da ba ya rabuwa da ita, sunansa na gaskiya har yau ban sani ba. Shi ya nuna mini yadda ake zuƙa da yadda ake sokawa a ɗuwawu. Kwalabe iri biyu yake kawowa. Mai jan murfi ita ce ta gaske, hurmon, mai tsada, wadda hukuma ta hana. Mai shuɗin murfi bitamin ce kawai, mai araha. Ruwan ciki iri ɗaya, kamar man gyaɗa. Ni da murfi nake rarrabewa, ja da shuɗi, shi ke nan ilimina. Da wannan ilimin aka fara kirana Duktur, ina amsawa.

Ba sai na gaya muku abin da na yi ba. A ɗakin baya nake zuƙa, mutum sirinji kawai yake gani. Wanda ya san harkar in ba shi ja. Wanda bai sani ba in ba shi shuɗi da kuɗin ja.

To, a nan Madfa ya shigo.

Ku yaran yanzu ba ku san shi ba, ko kun san shi da sunan banzan da aka laƙaba masa daga baya. Usmanu ne sunansa, ɗan layinmu, na girme shi kaɗan, Yaya yake ce mini. Madfa kuwa sunan igwar nan ce da ake bugawa daga kan dutse da azumi don a san an sha ruwa. Tun muna buga ƙwallo ba takalmi a filin tsakuwa aka sa masa, domin in ya narka ƙwallo da ƙafar hagu mai tsaron gida kauce wa yake, ya ce shi yana da iyaye. Kulob ya ɗauke shi, ya zama ɗan wasan gaba, ya yi shekaru yana ci. Hotonsa na rataye a shagon ful da tamis na bakin layinmu, inda ake cin dafaffen wake da gurasa, sama da tukunya. In ya ci ƙwallo ba ya rawa, ba ya cire riga. Gudu yake zuwa kusurwar fili ya faɗi ya yi sujada. Duk Hindawiyya ta san wannan. Yara ma in sun ci a lungu haka suke yi, goshi duk ƙura.

Wata rana bayan la'asar ya shigo ta ƙofar baya, ya naɗe fuska da rawani kamar mai ciwon haƙori. Lokacin ya haura talatin. Ya zauna a kan bencin ɗaga ƙarfe.

"Yaya, gwiwa ta fara yi mini gardama," in ji shi. "Yaran nan da aka kawo, kafin in juya sau ɗaya sun juya sau biyu."

Na ce ya je ya huta, ya sa ƙanƙara.

"Ba shawara na zo nema ba. Abin da kake ba su za ka ba ni."

Na shiga ɗakin baya na tsaya gaban kwalaben. Zan so in ce muku tausayi ne ya sa na ɗauki shuɗi, amma na daina ƙarya. Tsoro ne da kwaɗayi. In na ba shi ja wani abu ya same shi, Hindawiyya ɗanye za ta cinye ni. In na ba shi shuɗi kuwa, mutum ne da ba zai tambayi farashi ba, ba kuma zai iya kai ƙara ko'ina ba. Na zuƙi bitamin na soka masa. Ya tashi yana shafa wurin, bai kalle ni ba ya fita.

Wasan da ya biyo baya ya ci biyu.

Daga nan abin ya zama al'ada. Ya zo ta ƙofar baya ya ce, "Duktur, a cika tanki," in cika masa da bitamin. Kuma ku ji abin haushi. Tunda ya yarda yanzu jikinsa ba ya gajiya, sai ya riƙa yi wa jikin aikin da bai taɓa yi masa ba. Bayan asuba yana hawa duwatsun bayan unguwa da gudu. Ya bar shinkafa da rago, ya bar shayi mai sukari. In an tashi daga atisaye shi ya tsaya yana bugun tazara har mai kula da fili ya kore shi. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi kyau a rayuwarsa. Mutumin da ake shirin yi wa ban kwana ya koma shi ke riƙe da kulob ɗin. Akwai wata ƙwallo da ya ci daga kusan tsakiyar fili, ana ruwan sama, raga ta ɗaga kamar zani a igiya. Har yau waɗanda suka gani in sun tuna sai sun girgiza kai.

Abu ɗaya ne ya canza. Ya daina sujada. In ya ci sai ya juya ya koma tsakiya kansa a ƙasa, abokan wasa na hawa bayansa, shi ko murmushi. A dakalin unguwa inda muke kallo, mirkaz, dattawa suka fara magana. Ammu Sale, wani tsohon direba da ba ya raga wa kowa, ya ce yaron nan girman kai ya shige shi, ya ɗauka ƙafar shi ya yi wa kansa. Ni ina zaune ina shan shayi ina dariya a ciki. Dariyar me? Cewa nake ga gari guda yana tafa wa bitamin. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya hana shi sa goshi a ƙasa ba. Ba ruwana. Yana zuwa, yana biya.

Sai shugabannin kulob suka canza. Sabon koci ya zo yana son yara. Aka yi musayar Madfa kamar tsohuwar mota, aka ba wani kulob na gabashin ƙasar shi, aka karɓo samari biyu. A talabijin ya ji, ba wanda ya kira shi ya gaya masa. Unguwa ta ɗauki zafi. Don a kwantar da mutane aka yi alkawarin in ya yi kakar wasa ɗaya a can zai dawo a yi masa wasan ban kwana a filinmu, irin wanda ake yi wa manya, a zagaya da shi a kafaɗa, ya cire riga ya miƙa wa ɗansa Yasir a gaban jama'a. Wannan wasan shi ne duk abin da ya rage masa. Kullum zancensa ke nan.

A daidai lokacin kuma aka fara zuwa da 'yan robobi bayan wasa, a ja ɗan wasa gefe a ce ya yi fitsari. Kafin ya tafi gabas ya zo mini, wannan karon ko rawanin bai naɗa ba.

"Yaya, ina so in nuna musu sun yi kuskure. Amma gaya mini gaskiya, abin nan yana fitowa a gwaji?"

Na ce nawa ba ya fitowa.

"Ka rantse."

Na juya na fuskanci Harami, ga hasumiya ana gani ta taga, na rantse masa. Kuma wallahi a duk rantsuwar da na yi a wannan sana'a, ita kaɗai ce na yi da zuciya ɗaya. Bitamin ce, me zai fito?

Abin da ban gaya muku ba, a makon nan Abu Shanta ya kawo sababbin kwalaye. Yana ajiyewa ya ce, "Kamfani ya canza, ya Duktur. Ka duba rubutun kafin ka yi aiki." Akwai samari tsaye a bakin ƙofa, duk masu kirana Duktur. Ta yaya Duktur zai buɗe baki ya ce bai iya karatu ba? Na ɗaga kwalba na ƙura mata ido kamar mai fahimta, na ga ja, na ga shuɗi, na ce tayyib, da kyau, na gani. Ashe sabon kamfanin juyawa ya yi. Ja ce bitamin. Shuɗi ce hurmon.

Ni kuma da shuɗi hannuna a sake yake. Tunda bitamin ce ba na aunawa, cika sirinji nake don mutum ya ga kuɗinsa ya yi aiki. Na yi wa Madfa, na sake yi masa, na kuma zuƙa masa wasu a sirinji ya tafi da su. Na yi wa wani direban tasi, Abu Hani, mai hawan jini, wanda ke zuwa saboda ciwon ƙugu kawai, na gaya masa maganin jijiya ne.

Allah ya nuna mini alamu, ni ne jaki. Masu karɓar ja suka fara ƙorafin jikinsu na sacewa, wani ya ce Duktur ko ruwa kake ba mu? Na ce zafi ne. Madfa ya bugo waya daga gabas yana cewa ƙuraje sun cika masa baya, ga zuciya, ya yi wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ba. Na ce canjin ruwa ne. Abu Hani ya zo fuska ta kumbura, ido ja. Na ce ya rage gishiri. Mutum uku suna gaya mini magana ɗaya, ni ina ta rabon fatawa.

A wasansa na uku ko na huɗu a gabas aka miƙa wa Madfa roba. Ya karɓa hankali kwance, ai Yayansa ya rantse.

Sauran kun ji, ko iyayenku sun ji. Aka dakatar da shi, a shekarunsa dakatarwa kora ce. Kulob ɗin gabas ya soke yarjejeniya. Namu ya ce bai san da wani alkawarin ban kwana ba. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne yadda mutane suka koma baya suna tsince ƙwallayensa ɗaya bayan ɗaya. Waccan ta ruwan sama? Allura. Waccan ta bugun tazara? Allura. Ammu Sale ya ce dama shi ya faɗa, tsoho ba ya ƙara gudu sai da dalili. Mai ful ya sauke hoton, wurin ya bar fari a bango. Yara suka daina ce masa Madfa, suka koma Abu Ibra, wato mai allura. Yasir ya daina fita buga ƙwallo a lungu.

Da aka tambaye shi wa ya ba shi, ya ƙi faɗa. Ya ce shi ya nema, shi ya biya. Ni kuma na yi shiru, na ce ƙila abin ya wuce.

Bai wuce ba. Abu Hani ya faɗi a cikin tasinsa a bakin danja, ɓarin jiki ya mutu. Likitoci suka ga abin da ke jininsa suka tambayi iyalinsa. Matarsa ta san inda yake zuwa. Da hantsi 'yan sanda suka shigo nadi, ina riƙe da tsintsiya. Abu Shanta kuwa tun ranar ba a sake ganinsa ba.

A wurin bincike ne jami'i ya ɗaga shuɗiyar kwalba ya karanta mini abin da ke jiki. Na ce a'a, wannan bitamin ce. Ya sake karantawa. Sai a lokacin komai ya haɗu a kaina. Na ce masa to ka rubuta, duk shekarun nan bitamin nake ba Madfa, cutarsa nake, ƙwallayensa nasa ne, kuskuren na ƙarshe ne kawai. Mutumin ya ajiye biro ya yi dariya, ya ce ya ji ƙarya iri-iri a wannan kujera amma wannan sabuwa ce. A gaban alƙali na sake faɗa. Alƙali bai yi dariya ba. Ya ce in haka ne, bayan sayar da haramtaccen magani da yi wa mutane allura ba izini, akwai zamba. Ya ƙara mini.

Kun ji fa. Shekara da shekaru ina ƙarya ana biyana. Rana ɗaya na faɗi gaskiya, ta ƙara mini zaman kurkuku, shi kuma ba ta wanke shi ko da ɗigo ba. Wa zai yarda da maƙaryaci don ya ce wancan karon ma ƙarya ya yi?

Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Babu komai a ciki sai jira da warin mutane. Mahaifiyata ta rasu ina ciki, an sallace ta a Harami ban ɗauki makara ba. Matata ta yi haƙuri har inda ta iya, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita, ban ga laifinsu ba. A ɗakinmu akwai wani Bakatsine da ya zo karatu takardunsa suka rikice. Na roƙe shi ya koya mini harafin boko. Abu na farko da na ce ya zana mini shi ne farkon sunan magungunan nan biyu. Ɗaya sanda ce an gicciya mata wata a ka. Ɗaya kamar ka buɗe yatsu biyu. Shi ke nan bambancin. Tsakanin azahar da la'asar na haddace. Na zauna ina kallon haruffan nan biyu, na ce yanzu a kan wannan mutum ya rasa rabin jikinsa, wani ya rasa sunansa, don kawai kar samari su ji Duktur ya ce a karanta masa.

Da na fito, kafin in nemi aiki na nemi Madfa. Aka ce yana Kudai yana tuƙa bas ɗin alhazai. Na same shi da yamma a tasha, yana zaune a matakalar bas yana cin biredi. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari. Ya gan ni tun daga nesa, bai tashi ba, bai kuma kore ni ba.

Na gaishe shi da Abu Yasir, wato baban Yasir. Ya amsa. Na ce na zo da magana. Ya ce in ta bitamin ce ya ji, an gaya masa abin da na faɗa a kotu, ya ɗauka dabarar lauya ce. Na ce ban da lauya. Na ba shi labarin tun daga ranar da ya shigo da rawani, da ja da shuɗi, da kwalayen da aka canza. Na ce in yana so in rantse.

"Kar ka rantse," in ji shi. "Na ga rantsuwarka."

Ya naɗe sauran biredin ya ajiye. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta hagu cikin silifa.

"Ta ranar ruwan sama fa?"

Na ce taka ce.

"Duk?"

Na ce duk, har zuwa ranar da aka sayar da kai. Ban taɓa sa maka komai ba sai abin da ake ba mai jego.

Na zaci zai mare ni, na ma shirya. Bai ɗaga hannu ba. Magana ya yi a hankali, kamar yana gaya wa kansa.

"Ka san me ya sa na daina sujada? Kunya. Na ce ba zan saci abu in sa goshi a ƙasa in ce na gode ba. Kowace ƙwallo na ci, in ji filin na ihu, ni kuma ina jin kamar na ci amanar uwata. Ban ji daɗin ko ɗaya ba, Yaya. Ko ɗaya. Ashe Allah ne yake ba ni, ni ina juya baya ina tafiya."

Wallahi gara da marin ya yi.

Na ce zan bi unguwa gida gida in faɗa, zan je mirkaz, zan sa mai ful ya mayar da hoton. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ka ce musu me? Madfa ya je sata ya tarar da ɓarawo? Ni da ƙafata na zo maka, da kuɗina, na san abin da na nema. Don ka cuce ni ba shi zai mayar da ni mai gaskiya ba."

Na ce to ka yafe mini. Ya ce nasa mai sauƙi ne, shi yana tafiya da ƙafafunsa. In je unguwar Tandabawi in sami Abu Hani tukuna, in ya yafe sai in dawo.

Aka kira magariba. Muka shiga ɗan masallacin tasha, direbobi da 'yan dako. Da aka sallame kowa ya watse. Ina neman takalmina na waiwaya na gan shi ya koma gefe ya faɗi ya yi sujada. Ba sallah ba ce, sujada ce guda ɗaya, irin ta kusurwar fili. Na tsaya ina jira ya ɗago. Bai ɗago ba. Alhazansa suka cika bas, wani ya fara danna hon, ɗan'uwansa direba ya leƙo ya gan shi ya koma ya ce su yi haƙuri. Na jira har ƙafata ta gaji. Daga ƙarshe na sa takalmina na tafi na bar shi a haka.

Na je Tandabawi. Abu Hani yana kan keken guragu, bakinsa ya karkace, magana da ƙyar. Matarsa ba ta bar ni na wuce ƙofa ba a karon farko, kuma tana da gaskiya. Na ci gaba da zuwa. Yanzu ranar Juma'a ni ke tura shi zuwa Harami, sana'ar da na raina na dawo mata, sai dai wannan ba a biyana. Bai ce ya yafe ba, ban kuma sake tambaya ba. Saboda haka ban koma wa Madfa ba tukuna. Na tuba ga Allah, ina kan tuba, abin da ke tsakanina da bayinsa kuwa yana nan.

Na je mirkaz duk da ya hana ni. Na faɗa. Ammu Sale ya rasu, waɗanda suka gaje kujerarsa suka saurare ni har ƙarshe, ɗaya ya ce, "Duktur, nawa ya ba ka?" Bangon mai ful har yau ba hoto.

To samari, ku nake wa wannan, musamman masu zuwa nadi suna ɗaukar hoton damtsensu a madubi. Har yanzu akwai irina a ɗakin baya, sun ma fi ni iya magana, yanzu ta waya suke ciniki. Wanda zai soka maka allura a bayan labule ba likita ba ne ko da kowa na kiransa haka. Ko dai ya san abin da ke cikin kwalbar yana cutarka, ko bai sani ba yana cutarka. Ni na yi duka biyun. In jikinka ya fara gajiya, ka yi masa aiki ko ka haƙura, gajiya ba abin kunya ba ce. Mai neman hanyar kuɗi kuma, ka tuna da cokali ɗaya na madarar gari na fara, ba da allura ba. In ba ka iya abu ba ka buɗe baki ka ce ban iya ba, a yi maka dariya ta minti ɗaya a wuce. Ni na guji wannan dariyar, ga inda ta kai ni.

In kuma kun hau bas a Kudai kun ga wani direba mai farin gemu yana taka kulochi da ƙafar hagu, kar wanda ya ce masa Abu Ibra. Ya yi kuskurensa, ya sani, ya biya. Amma ƙwallayen nan nasa ne. Ni na zuƙi ruwan, ni na san abin da ke ciki. Ku yarda ko kar ku yarda, na gaji da rantsuwa.